Abin da Mabel Ba Ta Ƙaga Ba

Litinin, 1 ga Oktoba, da hantsi

Mabel ta fito daga ɗaki yau ba a kira ta ba. Da wannan na fara domin shi ne labari, sauran ciko ne.

Tun farkon damina jikar nan tawa ba ta wuce bakin ƙofa sai in za ta jami'a, jami'ar ma sai kakarta Filomina ta yi ta dukan ƙofa. Ta dawo, ta shige, ta rufe. In ka yi mata magana ta ce "to". Yarinyar da a da sai an roƙe ta take yin shiru.

Ina aske gemu a gindin mangwaro ta zo ta ajiye mini takardu a cinya.

"Kaka, wasan kwaikwayo na rubuta. Matasan coci za su yi shi Lahadin ƙarshen wata. Kai ne mai ba da labari."

Na ce mata na gama tsayuwa gaban jama'a tun ranar da na ajiye alli a firamare. Ta ce a zaune zan yi.

Wasan a kan Yahudawan Turai ne, waɗanda gwamnatin Jamus ta karkashe a yaƙin duniya na biyu. Na san abin sama-sama, irin sanin malamin firamare. Na ce da ita, duk masifun da ke kusa da mu, me ya kai ki Poland? Ta dube ni. Na koma kan gemuna.

Laraba, 3 ga wata, bayan la'asar

Na karanta. Sau biyu, domin karon farko tabarau ya yi ta hazo.

Wata tela ce mai suna Rahila, da tsohon ubanta Ishaku, da 'yarta ƙarama. An kafa doka kowane Bayahude ya liƙa tauraro rawaya a riga. Rahila ta zauna ta ɗinka wa gidanta nasu da kanta, tana warwarewa tana sakewa, domin ita tela ce, ba ta iya barin ɗinki a karkace. Maƙwabcin da take yi wa gyaran wando tun yana saurayi shi ya nuna wa sojoji ƙofarta. Aka loda su a taragon shanu. Na tsaya a nan na tuna tirelolin da ke bi ta Keffi da shanu zuwa kudu, kai a kan wuya, wuya a kan kai.

A saman shafin farko ta rubuta: ƙagaggen labari. Na ce kalmar ta zauna daidai, haka ake kiran irinsa a makaranta.

Alhamis, 4 ga wata, da safe

Filomina tana tankaɗe ta ce, "Siman, waɗannan Yahudawan, ba su ne suka gicciye Yesu ba?"

Na ce, "Yesun da kansa mene ne, Bagwandare? Uwarsa Maryamu fa, daga Garaku aka auro ta? Bitrus da Yohanna duk Yahudawa ne, ke kuma kina rera waƙoƙin sarkinsu Dauda kowace Lahadi da muryar da ke korar kaji."

Ta ce ita tambaya ta yi. Na ce ni ma amsa na bayar. Kunun yau ba sukari.

Lahadi, 7 ga wata, da yamma

Kwamitin dattawa ya zauna kan wasan bayan sujada. Dattijo Julius, wanda ya yi aikin ofis a Abuja har ya dawo da hular Turawa da ciwon suga, ya ɗaga shafin farko sama kamar ya kama ɓarawo.

"To ai ga shi ita ma ta faɗa da bakinta. Ƙagagge. Da ma na ce miliyan shida da ake cewa an kashe ta yi yawa. Ka ninka duk mutanen jihar nan sau biyu fa, Malam Siman. A ina za a sa su?"

Na ce a ramuka aka sa su, da cikin wuta, kuma waɗanda suka yi aikin sun rubuta da hannunsu, an kama su da takardun. Matar ce ƙagaggiya. Abin da ya faɗa mata ba ƙagagge ba ne.

Ya ce, "In tukunya ƙagaggiya ce, miyar ciki ta gaske ce?"

Fasto ya yi dariya. Ni ban yi ba. Na daɗe ina fama da kawunan yara masu tauri, amma yaro in ya gaji yakan yarda. Julius bai taɓa gajiya ba.

Sun amince a yi wasan. Julius ya sa hannu domin, in ji shi, tatsuniya ba ta cutar da kowa.

Talata, 9 ga wata, bayan la'asar

Gwajin farko, abin da yaran ke kira rihazal. Mutum goma sha wani abu, rabinsu kai a cikin waya.

Boaz, shugaban matasa, shi ne babban soja. Gadi yake yi a wani rukunin gidaje a Abuja, sai ya yi fama da cunkoson Mararaba kafin ya iso, ya iso kuwa da shawarwari cike da aljihu. Wai a kawo zoɓo a leda a fasa a ƙirji in an yi harbi. Wai tsoho Ishaku ya ƙwace bindiga ya kashe sojoji uku kafin a ci ƙarfinsa, mutane za su tafa.

Mabel ta ce ba zoɓo, ba harbi, ba wanda zai faɗi ƙasa yana shure-shure. Ana rufe ƙofar tarago wasa ya tsaya, sauran Kaka zai faɗa da baki.

"To ina daɗin?" in ji Boaz.

"Ba daɗi na rubuta ba."

Aka yi ta gardama har mai share coci ya fara karkaɗa makulli. Ba mu kai ƙarshe ba.

Amma ta yi magana. Ta ɗaga murya ma. Na dawo gida na ci tuwo malmala biyu.

Alhamis, 11 ga wata, da azahar

Gwiwa. Ba wuta tun jiya.

Asabar, 13 ga wata, da yamma

Na karanta buɗewar kamar yadda ta rubuta: "A shekara ta dubu da ɗari tara da arba'in da biyu, a wani gari a Poland." Matan zumunta da suka zo gwajin waƙa suna bayanmu suna cinikin agushi, ko ɗaya ba ta juyo ba.

Sai na ajiye takarda na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Duk cocin, har mai shara: "Ta zo mu ji ta!" Suka juyo da bencinsu.

Mabel ta ɓata rai. "Kaka, ba tatsuniya ba ce."

Na ce na sani. Amma mutanen nan da wannan ƙofar suka saba shiga labari tun suna goye. Ni ma a bakin murhun kakata na koya, ba a aji ba. Ki bar ni in shigo da su, in sun shigo ki yi musu abin da kika ga dama.

Ta ce, "To." Wannan "to" ɗin ban so shi ba, amma na ci gardama, kuma tsoho ba ya mayar da gardamar da ya ci.

Julius ya leƙo ya ba da shawara mala'ika ya sauko ya buɗe taragon, tunda ƙagagge ne, me zai hana a ƙaga musu ceto? Aka koma gardama. Ba mu kai ƙarshe ba.

Talata, 16 ga wata, da safe

Na haɗu da Sa'a a bakin kasuwa da ƙwaryar nononta. Matar Jibril ce, wanda shanunsa suka yi shekaru suna cin karan gonarmu ta bayan Agwada bayan girbi, su bar mana taki. A da ita ke kawo mana nono har cikin gida, ta zauna ita da Filomina su yi gulmar surukai. Tun farkon damina ba ta hawo unguwarmu ta Gangaren Tudu ba.

Ta durƙusa ta gaishe ni. Ta ce, "Baba, ya ƙarin haƙuri?" Na ce da godiya. Na tambayi Jibril, ta ce sun matsa da shanu gaba. Muka tsaya kowa yana kallon ƙwarya.

Na sayi nono. Filomina ta gane ƙwaryar wa ya fito tun daga ƙamshi. Ta dama fura.

Laraba, 17 ga wata, bayan la'asar

Allah ya ba ni haƙuri, domin wanda na zo da shi duniya ya kusa ƙarewa.

Boaz ya zo gwaji da buhu. Da na kai wurin da sojoji ke buga ƙofar Rahila, sai ga shi ya shigo da yaransa uku, kowa da malafa a ka, da sanda a gicciye bisa kafaɗa. Irin tsayuwar da kowa ya sani. Wasu suka yi shewa.

Mabel ta ce, "Mene ne wannan?"

"Fassara," in ji Boaz. "Wa ya san Jamusawa a Keffi? A sa abin da mutane za su gane. Ke kika ce ƙagagge ne. Abin da aka ƙaga ai ana iya sake masa riga."

Ka ji. Julius ya ce tunda ƙagagge ne bai faru ba, Boaz ya ce tunda ƙagagge ne a ɗora wa wanda aka ga dama. Kalma ɗaya, jakuna biyu, kowanne ya ja ta gabas da yamma.

Mabel ta ce, "Mutanen nan sun mutu da sunansu da garinsu. Ba zanen aro ba ne da za mu ɗaura mu je namu makoki."

Boaz ya ce, "Ke ce kike faɗin haka? Ke?"

Ta tattara takardunta ta fita.

Alhamis, 18 ga wata, da safe

Ƙofa a rufe.

Juma'a, 19 ga wata, da azahar

A rufe. Filomina ta ajiye abinci a bakin ƙofa, kaji suka yi godiya.

Ta ce laifina ne da na biye wa yarinya. Jiya kuma laifina ne da ban tsawata wa Boaz ba. In aka yi fari bana, a zo a kama ni.

Ba na jin haushin Boaz yadda ya kamata. Ƙaninsa ma yana gonarmu ranar da aka kai harin.

Asabar, 20 ga wata, da yamma

Na yi magana da ƙofa. Na ce mata ta zo gwajin yau, in malafa ta hau dandamali ni da kaina zan kai takardun murhu. Da na ɗauki sandata zan fita sai na ji takalmi a bayana.

A tatsuniya, wanda mai labari bai kira ba, ba ya shigowa. Kura na iya yini a bayan bukka, in ban ce "sai ga kura" ba, a can za ta tsufa. Yaran nan sun yi jami'a amma ba su san wannan ba.

Na kai wurin buga ƙofa. Boaz da yaransa suna tsaye a gefe da malafunsu suna jiran in ce "sai ga sojoji". Na ciro goro. Na ɓare. Na ci. Na duba rufin coci, na ga ashe akwai inda yake yoyo.

"Baba, mu shigo?"

"Ban kira makiyaya ba. Sojojin Jamus nake jira."

Boaz ya taho gabana, idonsa ja. "Baba Siman, ɗanka ne fa. Haggai ne fa, uban Mabel."

Rabon da a faɗi sunan a gabana da ƙarfi haka tun ranar jana'iza. Na bar goron ya sauka tukuna.

Na ce, "Ka ga waɗanda suka kashe shi?"

"Kowa ya sani."

"Ban tambayi kowa ba. Ka gan su?"

Ba wanda ya gani. Abin da ke ci na ke nan tun farkon damina, kowa ya sani, ba wanda ya gani.

Na ce, "Ko da ka gani, ɗana, mutum nawa ka gani? Malafa nawa ce a ƙasar nan? Abin da ake yi wa Rahila a wasan nan ke nan, an ɗauki al'umma guda an liƙa mata alama. Kai kuma ka zo da taka alamar a buhu. Waɗanda suka yi wancan aiki a Turai sun yi makaranta, takalminsu na sheƙi, da yawansu an yi musu baftisma kamar ni da kai. In hular da ta dace kake nema, je ka ari ta Julius."

Wani ya tuntsire da dariya, ya haɗiye. Boaz ya jefar da malafa ya fita, yaransa suka bi shi. Ba soja, ba wasa. Ba mu kai ƙarshe ba.

A hanya Mabel ta riƙe mini hannu wajen tsallake kwata. Ban buƙata ba, amma ban faɗa ba.

Talata, 23 ga wata, da yamma

Ba Boaz. Mun gwada wani yaro daga mawaƙan coci a matsayin soja, yana buga ƙofa kamar mai neman aron gishiri.

Alhamis, 25 ga wata, bayan la'asar

Ya dawo. Bai gaishe ni ba, ban nema ba. Ya zo cikin kakinsa na gadi, da bel, da takalmin aiki ya goge shi har kana ganin fuskarka. Da na ce "sai ga sojoji" ya shigo a hankali, ya karanta sunayen gidan Rahila daga takarda da muryar mai kiran lamba a banki. Yarinyar da ke yin Rahila ta manta layinta don tsoro.

Ruwa ya sauko, kwanon coci ya hana kowa jin kowa. Ba mu kai ƙarshe ba. Mabel ta ce ba komai, ƙarshen nawa ne ni kaɗai, in karanta a gida. Na ce yarinya, ni da labari tun kafin a haifi ubanki.

Lahadi, 28 ga wata, gab da magariba

Bari in rubuta yadda ya faru, tun Filomina ba ta gyara mini shi ba.

Coci ya cika har tagogi. Na buɗe, suka amsa, rufi ya ɗauka. Da Rahila ke warware tauraro tana sakewa, wata tela a layin gaba ta ce "Wayyo" da ƙarfi. Da maƙwabci ya nuna ƙofa, wani tsoho ya miƙe ya ce, "Kai, ɗan banza, ita ke maka wando!" aka zaunar da shi. Boaz ya karanta sunaye. Aka tura su bayan bencin da muka jingine a matsayin tarago, aka ja zane.

Saura ni. Na faɗi abin da ta rubuta: kwanakin tafiya ba ruwa, da rarrabewa a bakin jirgi, wannan dama wannan hagu, da ɗakunan da aka ce na wanka ne aka sakar musu iska mai guba. Na faɗi adadin. Ko tari babu. Julius ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

Na kai layin ƙarshe. Na rufe takarda. Shiru ya yi nauyi, kowa na kallona, kuma bakin nan nawa da ya shekara saba'in yana rufe labari ta hanya ɗaya bai nemi shawarata ba.

Na ji kaina na ce, "Ƙurunƙus kan kusu."

Matan zumunta kuwa, da muryar Filomina a gaba, suka ƙarasa mini kamar amin: "Ba don Gizo ba da ka yi ƙarya!" Daga baya wasu suka cike, "Da ma ƙaryar ce!" Sai dariya, irin ta wanda aka sauke wa kaya. Mutane suka fara neman takalmansu. Na ga Julius yana mayar da hula, yana gyaɗa wa na kusa da shi kai.

Ni na buɗe wannan ƙofar. An gaya mini.

Ina neman abin faɗa sai zane ya motsa. Mabel ta fito. Ba makirufo, ba takarda.

"Ku zauna."

Suka zauna. Ni ma da nake zaune na ƙara zama.

"Rahila ni na ƙaga ta. Ubanta ni na ƙaga. Keken ɗinkin ma nawa ne, na kakata na kalla na rubuta. Tauraron ban ƙaga ba. Jirgin ban ƙaga ba. Ɗakin ban ƙaga ba. Mutanen da aka kashe ban ƙaga ko ɗaya ba, sun fi ƙarfin in ƙirga, shi ya sa na ƙaga mace ɗaya don ku iya kallonta. Wanda ya fita nan ya ce ƙarya ce, ya ce shi ya faɗa. Kada ya ce Gizo."

Ta tsaya. Na zaci za ta ƙara wani abu, na ga bakinta ya ɗauko shi. Ta mayar.

Ba a tafa ba. Fasto ya manta addu'ar rufewa, sai da matarsa ta taɓa shi. Boaz na tsaye a jikin bango cikin kakinsa, yana kallon takalmi.

A ƙofa Julius ya ce mini, "Ashe yarinyar da gaske take." Na ce tun ranar bakwai ga wata ake gaya maka. Ya ce ai ba a yi masa bayani da kyau ba.

Litinin, 29 ga wata, da hantsi

Filomina ta ce ita ba ta amsa ba, bakinta ta buɗe don hamma. Na bar ta. Mai laifi ba ya kama mai laifi.

Mabel ta same ni a gindin mangwaro.

"Tsoho, ka lalata mini wasa."

"Na lalata."

"Na ce maka ba tatsuniya ba ce."

"Kin faɗa."

Ta zauna a kan turmi tana fasa ɓawon gyaɗa ba ta ci. Can ta ce, "Ranar Asabar ka raka ni Agwada. Ina so in ga gonar. Ka nuna mini inda aka same shi."

Na ce ciyawa ta rufe hanya. Ta ce za ta ɗauki adda. Na ce gwiwata. Ta ce daga Garaku za mu hau mashin. Na ce ta san na tsani mashin, masu shi ba su da iyaye. Ta ce ta sani.

Ban taka gonar ba tun ranar. Doyar da ya shuka tana can, ba wanda ya haƙa.

Na ce wa Filomina ta nemo mini takalmin roba, da buhu biyu.